An Gayyace Ni Wasan Labari a Yaba, Amma Na Kasa Amsawa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 26, haifaffiyar Agege, ina aiki a wani ofis a Ikeja. Tun ina sakandare nake karanta littattafan yaƙi na Hausa da yayyena suke kawowa daga Kano, daga baya na ƙara da na Turanci masu ba da labarin masarautun da babu su a duniya, da dodanni, da takubba masu tarihi. Wata abokiyar aikina da ta lura da irin abin da nake karantawa ta gayyace ni wani wasa da suke yi ranar Asabar a Yaba, mai suna Dungeons & Dragons. Ta ce mutum biyar ne suke zama a tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, su riƙa gina labari tare. Sau uku tana gayyata ta, sau uku ina kawo uzuri. Zuciyata tana so, amma ina jin kunyar magana a cikin mutane, littafin dokokin da ta nuna mini ya haura shafi 300, kuma da na kalli masu yin wasan a YouTube na ga suna canza murya kamar 'yan fim, abin da ba zan iya ba. Ga kuma batun ɗan lido da ake jefawa da maganar tsafi a cikin labarin. Ban san yadda Hajiyata za ta ɗauki abin ba, ni kaina ma ban natsu ba. In je, ko in haƙura in ci gaba da karatuna?

Ƙanwarki daga Agege.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne sau uku kina kawo uzuri amma ba ki taɓa ce wa abokiyar aikinki ta daina gayyatarki ba. Wanda ba ya son abu ba ya zuwa ya kalli yadda ake yin sa, ba ya kuma duba yawan shafukan littafinsa. Saboda haka shawarata ita ce ki je, amma zama ɗaya tak za ki yi alkawari, kuma sai bayan kin tambayi malamin da kika amince da iliminsa game da abin da ya hana ki natsuwa, sannan kin yi wa abokiyar taki wasu 'yan tambayoyi da zan faɗa miki a gaba. Zan fara da bayyana miki ainihin abin, domin rabin tsoron da ke cikin wasiƙarki ya samo asali ne daga yadda aka nuna miki shi.

Kin san yadda ake tatsuniya. Mai bayarwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa da ta zo mu ji ta, daga nan kuma bakinsu ya mutu har sai an kai ƙurunƙus. Idan Gizo ya nufi ramin kura, duk yadda yaro ya so ya jawo shi baya ba shi da iko, sai dai ya dafe ƙirji ya saurara. To, wannan wasa tatsuniya ce da aka ba masu sauraro hannu a cikinta. Mutum ɗaya ne yake riƙe da duniyar labarin, shi ne zai ce kun iso ƙofar gari da almuru, masu gadi sun riga sun rufe ta, ga hadari ya haɗo daga gabas. Daga nan sai ya yi shiru ya dube ku ya ce, me za ku yi? Kowannenku yana da mutum ɗaya a cikin labarin wanda yake magana da yawunsa, wani ya ce zai ƙwanƙwasa ya roƙi masu gadi, wata ta ce za ta zagaya ta nemi inda ganuwa ta zube. Wannan tambaya ta me za ku yi ita ce wasan gaba ɗayansa. Littattafai da takardu da 'ya'yan lido kayan aiki ne da ake ɗaukowa idan ana son a san ko abin da mutum ya ce zai yi ya yiwu ko bai yiwu ba.

A teburin Yaba za ki ji ana kiran mai riƙe da labarin DM. Mu a gidanmu madugu muke ce masa, domin aikinsa ya fi kama da na madugun ayari: ya san hanya, ya san inda rijiya take da inda 'yan fashi suke kwana, amma ba ya ɗaukar wa kowa kayansa, kuma burinsa tafiya ta yi kyau. Ki riƙe wannan sosai, saboda sababbin shiga da yawa suna zaton madugu ƙoƙarin kayar da su yake yi, sai su zauna a ɗarare kamar masu jiran hukunci. Babu wanda yake cinye wani a wannan wasa kamar yadda ake yi a dara ko kati, duk waɗanda ke teburin ɓangare ɗaya suke. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su ne suka fitar da shi a 1974, sun kuwa ciro shi ne daga wasannin yaƙi na kan tebur inda mutum ɗaya yake jan runduna guda. Sabon abin da suka kawo shi ne kowa ya riƙe jarumi ɗaya kawai, ya bi shi daga zama zuwa zama yana ƙara ƙwarewa. Kamfanin Wizards of the Coast ne yake da wasan tun 1997, kuma mai yiwuwa littafin da aka nuna miki bugu na biyar ne na 2014 ko gyararrensa na 2024.

Ni na fara sanin wannan abu ne a gidanmu na Idi-Araba, lokacin da ɗan ƙanena ya dawo hutun babbar salla daga jami'a da wasu takardu da ya bugo a shagon kwamfuta. Daren ranar an ɗauke wuta, muka shimfiɗa tabarma a baranda muka ajiye fitila mai caji a tsakiya. Ba mu da ɗan lido mai fuska 20 ɗin da wasan yake buƙata, sai ya yayyanka takarda ya rubuta lamba 1 zuwa 20, ya nannaɗe ya zuba a cikin hularsa. Ya ce mu fatake ne, mun taso daga Kano za mu Gwanja sayen goro, mun yi makonni a hanya, yanzu mun iso bakin Kwara, sarkin ruwa kuwa ya ce ba zai ƙetarar da mu ba sai mun biya kuɗin fito ninki uku. Ya kwatanta mana mutumin: dogo, idanunsa sun yi ja kamar wanda bai runtsa ba, ga kuma kukan mace yana fitowa daga wata bukka a bayansa. Nan take samarin gidan suka fara shawarar yadda za su ƙwace kwalekwale da ƙarfin tsiya. Akwai wata 'yar yayata a wurin, yarinya mai kunya wadda ko gaisuwarta sai an matsa kusa ake ji, an ba ta matsayin mai maganin ayari, kuma kusan awa guda ba ta ce uffan ba. Sai kawai muka ji ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni zan je in ga mai kukan nan."

Madugu ya yi jim, domin kamar yadda ya gaya mana daga baya, kukan nan don ado kawai ya sa shi, bai tanadi komai a bayansa ba. Nan take ya ƙirƙiro cewa ɗan sarkin ruwa ne yake kwance da zazzaɓi kwana shida, uwarsa ce take kuka. Yarinyar ta ce za ta haɗa masa magani. Ya miƙa mata hula, ta sa hannu ta zaro 4. Ko da aka ƙara mata makin ƙwarewarta lambar ba ta kai ba, maganin bai ci ba, na ga fuskarta ta canza kamar wadda ta faɗi jarrabawa. Amma madugu ya ce mata, kin gane cewa saiwar da ake buƙata ba ta cikin jakarki, tana wani tsibiri a tsakiyar kogi inda dorinai suke kwana. Sauran daren duk a hanyar tsibirin nan muka ƙarar da shi. Sarkin ruwa da kansa ya tuƙa mu, samarin da suke neman faɗa suka sami abin da za su gwada ƙarfinsu a kai, ba a kuma sake tayar da maganar kuɗin fito ba. Magana ɗaya daga bakin wadda ta fi kowa shiru ita ce ta juya akalar labarin, kuma da ta zaro 18 maimakon 4 da ba mu taɓa ganin tsibirin nan ba.

Na kawo miki wannan ne saboda batun kunya. Waɗanda kika gani a YouTube, idan 'yan shirin Critical Role ne, ki sani cewa sana'arsu ke nan tun kafin su fara nuna wasansu a 2015. Ƙwararrun masu ɗora murya ne a finafinan zane da wasannin bidiyo, canza murya shi ne hanyar cin abincinsu. Auna kanki da su daidai yake da yaron da ya ƙi shiga ƙwallon unguwa saboda ya kalli gasar Firimiya a gidan kallo. A teburin mutane irinmu, yawancin 'yan wasa da muryarsu ta kullum suke magana, wasu ma ba sa cewa ni, sai su ce maharbiyata za ta hau bishiya ta duba hanya, kamar mai ba da labarin wani, kuma babu mai ganin laifin haka. Tebur mai mutum biyar ba ya buƙatar masu surutu biyar. Wadda take tuna sunan da aka ambata awa biyu da suka wuce, ko ta lura da kukan da ke fitowa daga bukka, tana da daraja a wurin kowane madugu, domin shi ya raba dare yana shirya waɗannan ƙananan abubuwa kuma yana jin daɗi idan wani ya tsinto su. Wadda ta shekara goma tana karatun dogayen littattafai kamarki ta riga ta saba da irin wannan lura.

Littafin dokoki kuwa, kada kaurinsa ya razana ki, domin kamar ƙamus yake, ba a karanta shi daga bango zuwa bango. Abin da za ki riƙe a zaman farko bai wuce wannan ba: idan kika ce za ki yi wani abu da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, madugu zai ce ki jefa ɗan lido mai fuska 20, ki ƙara wata 'yar lamba da ke rubuce a takardarki, shi kuma ya gwada jimillar da lambar da ya ajiye a ransa. A ƙa'idar wasan, abu mai sauƙi 10 ne, matsakaici 15, mai wuya 20. A ce maharbiyarki za ta haura katanga, madugu ya sa 15, takardarki kuma ta ba ki ƙarin 3. Kina buƙatar 12 ko sama da haka, wato fuskoki 9 cikin 20, kashi 45 cikin ɗari ke nan. Idan kuwa kika yi dabara, kika ce bari in fara neman inda katangar ta zaizaye, madugu yana iya ba ki damar jefawa sau biyu ki ɗauki babbar, sai damarki ta tashi zuwa kusan kashi 70. Kin ga ke nan tunani yana da riba a ciki. Ƙarin lambobin nan suna fitowa ne daga siffofi shida da kowane jarumi yake da su, wato ƙarfi, zafin nama, juriya, ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini. Ki roƙi madugu ya ba ki takardar jarumin da aka riga aka cike, ki kuma zaɓi mayaƙiya mai takobi ko mai kwari da baka, domin ita ce mafi ƙarancin lissafi. Kada ki sayi komai tukuna. Kamfanin ya saka taƙaitattun dokoki kyauta a intanet, 'ya'yan lido kuma bakwai ne a saiti ɗaya, kusan kowane daɗaɗɗen ɗan wasa yana da rarar da zai ara miki.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba, wanda a ganina zai fi ba ki wahala fiye da kunya da dokoki, kuma son karatunki ne zai jawo shi. A littafi, marubuci ya san ƙarshe tun kafin ki buɗe shafin farko. Jaruminsa ɗaya ne, ba ya faɗuwa sai inda faɗuwar za ta ƙawata labari, kuma duk wanda ya shigo domin shi ya shigo. Masu karatu sukan zo tebur da wannan tsammani, har su rubuto tarihin jarumarsu shafi goma: 'yar sarki ce da aka raba da gadonta, ta karya rundunoni, an yi bushara da ita tun kafin a haife ta. Sai a fara wasa a mataki na farko, inda mayaƙiya take da makin rai (lambar da ke raguwa duk lokacin da aka ji mata rauni) 12 ko 13 kacal, kura biyu suna iya kai ta ƙasa, sai ran mutum ya ɓaci ya ga kamar an wulaƙanta abin da ya gina. Ki rubuta jimla uku kawai: wace ce ita, me take nema, me take tsoro ko take ƙi. Misali, 'yar Sarkin Baka ce da mahaifinta ya shiga daji bai dawo ba, tana bin duk ayarin da zai kai ta inda za ta ji labarinsa, kuma ba ta yarda da fadawa ba. Wannan ya isa, ya kuma bar wa madugu gurbin da zai cike, wata rana ki ga kwarin mahaifinta a rataye a kafaɗar wani baƙo a kasuwa.

Sannan ki ba ta dalilin tafiya da mutane. Jarumi mai zaman kaɗaici, wanda yake rakuɓewa a kusurwa ya rufe fuska da rawani ba ya kula kowa, yana da daɗin karantawa a littafi domin marubuci yana shigar da mu cikin zuciyarsa. A tebur babu mai shiga zuciyarki, abin da kika furta shi kaɗai aka sani, don haka irin wannan jarumi yakan zame wa sauran nauyi, kuma shi ne tarkon da masu kunya suka fi faɗawa saboda yana ba su uzurin yin shiru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki zaɓi mutum ɗaya a cikin 'yan tafiyar, wataƙila jarumar abokiyar aikinki, ku yarda tun farko cewa ta taɓa ceton taki daga wani hatsari, sai ya zama kina da wadda za ki juya ki yi wa magana duk lokacin da kika rasa abin cewa. Ki kuma shirya wa jinkiri: faɗan da littafi zai gama a shafi biyu yana iya cin minti arba'in a tebur, kowa yana jiran layinsa, wani yana duba doka, wani ya tashi amsa waya. Maganganun ma ba za su fito a goge kamar na marubuci ba. Abin da za ki samu a madadin haka shi ne labarin da babu wanda ya san ƙarshensa, har shi madugun, kuma idan ƙofar gari ta buɗu, dabararki ce ta buɗe ta.

Yanzu ga batun da ya hana ki natsuwa, wanda ba na so ki ɗauke shi da wasa, ba na kuma so kowa a teburin ya sa ki ji kamar ƙauyanci ne. Abu biyu ne a nan, kuma ya kamata a raba su. Na farko shi ne ɗan lido. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim da ke kwatanta mai wasan nardashir, wato nardu, wani tsohon wasan allo da ake jefa ɗan lido a cikinsa, da wanda ya tsoma hannunsa a naman alade da jininsa, akwai kuma makamancinsa a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Malamai da yawa sun faɗaɗa wannan hukunci ga duk wasan da ake jefa ɗan lido ko da babu kuɗi a ciki, wasu kuma sun taƙaita shi ga shi wasan nardu ɗin da kuma abin da caca ta shiga. Fatawa ta malamai ce, abin da zan taimaka miki da shi shi ne ki kai tambayar a cike. Ki gaya wa malam cewa babu kuɗin da ake zubawa, babu mai ci babu wanda aka ci, jifar tana yanke ne kawai ko wani abu a cikin ƙagaggen labari ya faru ko bai faru ba. Ki tambaye shi har da hukuncin zaro lamba daga hula ko daga manhajar waya, domin kada ki ɗauka canza kayan aiki ya canza hukunci alhali a wurinsa bai canza ba. Idan ya ce ki bari, ki bari da zuciya ɗaya, ƙofar kuma ba ta rufu ba, saboda akwai wasannin labari da ba a jifa a cikinsu sam. Amber, wanda ya fito a 1991, kwatanta ƙarfin jarumai kawai ake yi madugu ya yanke hukunci, Dread kuma da hasumiyar 'yan katako da ake kira Jenga ake yin sa, duk mai son yin abu mai hatsari sai ya zare katako ɗaya daga hasumiyar.

Na biyu shi ne abin da ke cikin labarin. Gaskiya ne littattafan wasan suna ɗauke da matsafa, da ƙagaggun abubuwan bauta, har da wani nau'in jarumi da yake samun ƙarfinsa ta hanyar ƙulla alkawari da wata halitta. Babu surkulle ko wani lafazi da ɗan wasa yake karantawa, cewa kawai yake yi jarumina ya jefa wuta, a duba lamba, kamar dai yadda bokayen littattafan yaƙin da kika taso da su suke yi a kan takarda. Duk da haka, bambanci yana nan tsakanin karanta labarin boka da cewa ni ce bokanyar, kuma idan zuciyarki ta ƙi wannan, ki bi ta. Wannan damuwa ba taku ce ku kaɗai ba. A Amurka ma iyaye Kiristoci sun tayar da ƙura a kan wasan a shekarun 1980, har kamfanin da ke buga shi a lokacin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugu na biyu da ya fitar a 1989. Mayaƙiyar da na ce ki zaɓa ba ta da ruwa da tsafi ko bauta, kuma kina da 'yancin gaya wa madugu tun kafin a zauna cewa ba kya son jarumarki ta yi rantsuwa ko roƙo ga wani abin bauta ko da a labari ne. Tebura masu tsari suna yin zaman share fage domin irin wannan, inda kowa yake faɗin abin da ba ya so ya ji, wani ya ce ban da azabtarwa, wata ta ce ban da batsa. Yadda madugu ya karɓi maganarki shi zai nuna miki irin teburin. Wanda ya ce to, ya rubuta, ki zauna da shi. Wanda ya yi dariya ko ya fara gardama, ki gode masa ki koma gida, kin riga kin sami amsarki ba tare da kin ɓata Asabar huɗu ba.

Sai kuma abin da Legas take ƙarawa a kan komai, wato hanya da lokaci. Zama ɗaya yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu, saboda haka ki tambayi ƙarfe nawa ake farawa da ƙarfe nawa ake tashi, ki lissafa da la'asar da magariba, ki kuma tambayi inda za ki yi salla. Jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024 yana tsayawa a Agege da Yaba, zai iya raba ki da cunkoson Oshodi, amma ki duba jadawalinsa na ranar Asabar kafin ki dogara da shi wajen dawowa. Ki san ko a gidan wani ake zama ko a wurin da jama'a suke shiga da fita, su wane ne sauran huɗun, mata nawa ne, kuma ko ana shan abin da ba kya son zama kusa da shi. A karon farko na fi son ki je tare da abokiyar taki ku dawo tare. Mafi muhimmanci, ki tambaya ko labarin zama ɗaya za a yi ko kuwa dogon labari ne da suka yi wata shida suna ja. Shiga tsakiyar dogon labari yana da wuya ga baƙuwa, kamar a miƙa miki littafi na huɗu ba ki karanta na ɗaya ba. Ki roƙa su shirya gajere wanda zai fara ya ƙare a yini ɗaya, yawancin madugai suna murna da irin wannan roƙo. Ana yin wasan ta intanet ma, a Discord ko Roll20, sai dai ban so ki fara da shi ba, domin mai kunya ta fi ɓacewa a inda ba a ganin fuskarta, ga kuma wuta da data da za su iya yanke ki a tsakiyar magana.

Hajiya kuwa, kada ki ɓoye mata, kada kuma ki fara da sunan Turancin, wanda fassararsa kurkuku da dodanni kaɗai ta isa ta sa uwa ta ce a'a. Ki gaya mata abin da yake: tatsuniya ce ta manya da ake yi a zaune, ga waɗanda za ki je wurinsu, ga abin da malam ya ce, ga lokacin da za ki dawo. Idan abokiyar aikin taki za ta zo ta gaishe ta tukuna, ya fi. In kuma kin je kin ji daɗinsa, ina fatan wata rana ki shimfiɗa tabarma a gida ki zama madugu ga ƙannenki da Hausa, Hajiya tana gefe tana ji. Kayan labari ba za su yi miki ƙaranci ba, ga rijiyar Kusugu da macijinta a Daura, ga ganuwar Amina ta Zazzau, ga ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, ga marina da 'yan tauri da 'yan koli da kika karanta tun kina ƙarama. Idan kina son ki fara jin ɗumin abin ke kaɗai kafin Asabar, akwai wani mai suna Ironsworn da ake samu kyauta a intanet, an tsara shi yadda mutum ɗaya zai iya yi da littafin rubutu ba tare da madugu ba, amma shi ma da jifa ake yin sa, don haka ya jira amsar malam.

Gobe idan kin shiga ofis, ki ce wa abokiyarki kina son zuwa sau ɗaya ki gani, ki nemi lambar madugun ko ta haɗa ku a WhatsApp domin ki faɗa masa abin da ba kya so tun da wuri, ki kuma roƙi ya turo miki takardar maharbiyar kwana biyu kafin ranar. Ki tafi da jimlolinki uku a rubuce, da ɗan abin taɓawa da za a raba a tebur, da fensir mai abin gogewa maimakon biro, domin makin rai yana sauka yana hawa sau da yawa kafin a tashi.

Wassalam, Antinki.